Kamfanin Kujerun da Babu Shi a Duniya

"To wai shi wannan kamfanin, a wace unguwa yake?" Kafinta ya tambayi matarsa, yana leƙen takardun da ta baza a kan teburin cin abinci.

"Babu shi a ko'ina, Maigida. Masu jarrabawa ne suka ƙirƙiro shi."

"Ikon Allah. Kamfanin ƙarya, amma har da ma'aikata ɗari uku?"

"Har da sunan manaja." Ta zare takardar daga ƙarƙashin hannunsa.

Ita akanta ce a ofishin wata masana'antar robobi. Ta haye matakin farko na jarrabawar ƙwararrun akantocin gudanarwa, yanzu tana shirin mataki na tsakiya. Makonni kafin ranar zama, masu jarrabawa kan aiko da labarin wani kamfani na ƙirƙira, ɗalibi ya karance shi ciki da bai, ran jarrabawa a ce ya ba shugabannin kamfanin shawara. Na bana kamfanin ƙera kujeru ne. A wurin aiki kuwa an faɗa mata ƙarara: idan ta ci a wannan zama, muƙamin mataimakiyar manajan kuɗi nata ne. Idan ta faɗi, akwai mai jira.

Mijin nata shekara goma sha biyu yana ƙera kujeru. Tun da ya ji irin kamfanin da aka aiko, ya kasa zaune ya kasa tsaye.

"Malama Akanta, wane irin katako suke saye? Busasshe ko ɗanye?"

"Ba a rubuta ba. An dai ce sun koma wurin wani dillali mai rahusa."

"Rahusa? Da rani suka koma ko da damina?"

"Don Allah, Maigida, ka bar ni. Wannan ba maganar zarto da ƙusa ba ce. Lissafi ne na masu..."

"Na masu karatu," ya ƙarasa mata. Ya yi murmushi, ya ɗauki kofinsa ya fita.

Bai yi fushi ba. Shi ke janye yara tsakar gida in ta buɗe littafi, shi ya gyara mata fitilar karatu da ta lalace. Tambaya ce kawai ya daina. Ita ma ba ta lura ba, tana can tana haddace ƙa'idoji kamar mai shan ruwa.

Ranar jarrabawa ta zauna gaban kwamfuta gabanta ko gezau. Tambayar da ta fi maki, mai maki ashirin, ta zo a matsayin saƙo daga manajan ƙira na kamfanin: "Mun koma sayen katako mai arha, amma abin da muke kashewa kan kowace kujera ya ƙaru. Ni ba akanta ba ne. A fahimtar da ni dalili cikin magana mai sauƙi, a kuma ce mini me za mu yi."

Cikin minti biyar ta fitar da tazarar da ke tsakanin abin da aka ƙiyasta da abin da aka kashe. Sai ta tsaya cak. Ta yaya abu mai arha zai jawo tsada? Ta kalli allon, allon ya kalle ta. Ƙarshe ta zuba masa bayanan littafi da ta haddace, ba tare da ta taɓa katakon ba ko da kalma ɗaya.

Maki huɗu ta rasa ta haye. Muƙamin ya tafi hannun abokin aikin da ita ta koya masa aiki, kuma ita aka sa ta kai masa fayiloli sabon ofishinsa.

Ran Asabar da hantsi ƙafarta ta kai ta shagon mijinta. Tun aurensu ba ta taɓa wuce bakin ƙofa ba. A kusurwa ta ga tulin ƙafafun kujeru, wasu a lanƙwashe, wasu a tsage.

"Waɗannan fa?"

"Kuskuren bara ne. Na kwaɗaitu da katakon arha, ashe ɗanye ne. Yana bushewa yana murɗewa. A katako goma sai ki zubar da uku. Aikin yini ɗaya ya koma na biyu, zarto ya dakushe, gam ya ƙi kamawa. Waɗanda aka sayar kuma, bayan wata biyu masu su suka dawo mini da su a ka, da baƙar magana a kan gyara."

Tana ji tana lanƙwasa yatsu: asarar kaya, ƙarin lokacin aiki, kayan da aka mayar. Amsar maki ashirin ke nan a bakin mutumin da take kwana ɗaki ɗaya da shi. Hawaye suka zubo mata.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya goge hannu a rigarsa ta aiki, ya miƙo mata kujera. "Ai ba ki tambaya ba, uwar 'ya'yana."

Mai karatu, an ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Ilimi bai ƙare a cikin littafi ba, kuma wanda ya raina sanin na kusa da shi, asarar tasa ce shi kaɗai.

Ta zauna, ta share fuska, ta ɗauki wata tsagaggiyar ƙafar kujera tana jujjuya ta.

"Nan da wata shida zan sake zama," ta ce. "Ko kamfanin me suka aiko, sai na nemo masu yin aikin da hannunsu na zauna a gabansu. Ran Litinin zan sauka wurin masu injin roba. Amma yau da kai zan fara, Maigida. Ka nuna mini yadda ake gane ɗanyen katako."