Gwaggo da Hannun Jarin Kamfanin 'Yar Ƙaninta

Kafin ka kai dukiyarka inda zuciyarka ta kwanta, saurari misalin wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Ita ta riƙi 'yar ƙaninta tun rasuwarsa, ta yi mata karatu, har yarinyar ta kafa ɗan kamfani mai manhajar waya da masu kemis ke sayen magani ta cikinta. Da kamfanin ya fara sayar da hannun jari, gari ya ɗauka. Wani ya sayar da gona, wata ta kaɗar da gwal ɗinta. Yarinyar ta zo ta durƙusa, ta ce ba ta son a ci riba babu Gwaggo, ko da kuɗin sallamarta ne duka ta zuba. Tsohuwa ta dubi fuskar nan mai kama da ta ƙaninta, ta ji ko gidan da take ciki aka tambaya za ta iya bayarwa. Duk da haka ta yafa mayafi ta bi ta ofis. Ta ga matasa masu himma, ta ga aiki na gaskiya. Ta kuma lura kusan duk cinikinsu daga babban dillali ɗaya yake fitowa, albashi kuwa daga kuɗin sababbin masu zuba jari. A hankali ta tambaya, "'Yata, in mutumin nan ya juya baya, da me za ku kai ƙarshen shekara?" Yarinyar ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta sayi ɗan abin da ko ya nutse ba zai hana ta cefane ba, ta koma gida da nauyin zuciya, don ta ga ƙwalla a idon yarinyar. Daga nan gaisuwa ta koma ta waya, ita ma jefi-jefi.

Ba a daɗe ba dillalin ya samu masu yi masa da rahusa, ya tafi. Darajar hannun jarin ta zube, masu gona da masu gwal suka cika ƙofar ofis, kowa da kukansa, kuma kukan gaskiya ne. Gwaggo kaɗai ba ta zo neman komai ba. Ta je ta kamo hannun yarinyar ta kawo ta gida, ta zuba mata tuwo, ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta share ɗakin zaure ta ba ta, ita da ma'aikata biyu da suka rage, ta riƙe cinsu da kuɗin wuta, suna bin ƙananan kemis ɗaya bayan ɗaya har kamfanin ya soma tsayawa da ƙafarsa. Abin da ta hana jiya, shi ya ɗauke su duka yau. Shi ya sa Hausawa suka ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.