Yadda Haggai Ya Rasa Muryar Mahaifiyarsa

Haggai ne ke kula da kayan sauti a cocinsu da ke Zuru, kuma kowa ya shaida yana da kunne. Sifika ta ɗan yi gardama, tun daga bakin ƙofa zai gane. Kwamfutarsa cike take da waƙoƙi, amma guda tara ya fi ji da su, domin muryar mahaifiyarsa ce, Mama Leah, wadda ta rasu shekara biyar da suka wuce.

Mahaifinsa ne ya ɗauke ta a kaset tun yana aikin soja, tana rera waƙoƙin niƙa da na yabo da harshen C'lela. Wasu ma ita ta ƙirƙira, tana ambaton 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Haggai ya juye su a kwamfuta, daga baya rediyo ta cinye zaren kaset ɗin, aka jefar. Ko a jikinsa, tunda yana da su.

Abu ɗaya ke ci masa rai: sautin ya tsufa. Akwai shuu a ƙarƙashin muryar, ga carar zakara a tsakiyar waƙa ta uku. Da dangi suka sa ranar taron tunawa da ita, har 'yan'uwanta na Ribah suka ce za su zo, sai ya ƙudura cewa ranar sai kowa ya ji Mama kamar tana tsaye a tsakar gida.

Ya ji labarin wata 'yar manhaja da ake haɗawa da manhajar kunna waƙa, wadda masu harkar ke kira fulogin. Tana share shuu, ta ɗaga murya, ta ƙara mata kauri. Ta gaskiyar sayar da ita ake yi. Haggai ya yi ta lalube a intanet har ya faɗa wani shafi da bai taɓa jin sunansa ba, inda aka fasa ta, wato aka cire mata makullin biyan kuɗi, ana rabawa kyauta.

Yana cikin saukewa ƙanwarsa Praise ta shigo da filashi a hannu.

"Yaya, sa mini waƙoƙin Mama a nan. In wani abu ya samu kwamfutar fa?"

"Me zai same ta? Bari in gyara tukuna, in ba ki mai kyau. Wannan duk hayaniya ce."

"Ni da hayaniyar ma ina so."

"Ke dai jibi ki dawo."

Ta tafi. Ba a jima ba manhajar tsaron kwamfutar ta fito da jan gargaɗi, cewa abin da ya sauke yana ɗauke da cuta. Haggai ya yi tsaki, ya kashe manhajar tsaron, ya ci gaba.

Ranar farko abin ya yi daɗi ƙwarai. Murya ta fito garau, har jan numfashinta ana ji. Ya kira mahaifinsa ya sa masa. Tsohon ya zauna a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, bai motsa ba sai da waƙar ta ƙare.

"Ka kyauta," ya ce. "Haka take."

Kwana biyu bayan nan, da safe, Haggai ya danna waƙar farko, ta ƙi buɗewa. Ta biyu ma haka. Sunayen fayilolin duk sun rikiɗe sun koma wasu haruffa marasa ma'ana. Ya rungumi kwamfutar ya hau babur sai shagon Muntaka mai gyara, a bakin kasuwa.

Muntaka ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago.

"Malam Haggai, mi ka sa ma wanga inji?"

Ya gaya masa.

"Kuma ta yi maka gargaɗi?"

"Ta yi."

"To, cutar ta kulle komai. Kwamfutar kam zan wanke maka ta tashi, amma abin da ke ciki ya tafi. Ba ka da su wani wuri?"

Babu inda Haggai ya adana su, sai ya ɗauki kwamfutarsa ya fita. Ya kai ta wurin wani mai gyaran, ya aika da ita har Birnin Kebbi, amsar dai ɗaya ce.

Praise ta yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Mahaifinsu kuwa bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Haggai ciwo. Ya dube shi kawai ya ce, "Duka taran?" Da Haggai ya gyaɗa kai, tsohon ya miƙe ya shige ɗaki.

Ranar taro mutane suka cika gida. Tsofaffin matan Ribah suka rera waƙoƙin niƙan da suka sani. Amma da aka zo kan waɗanda Mama Leah ta ƙirƙira, babu wanda ya riƙe su duka. Praise ta ɗauko ɗaya, ta kai tsakiya ta maƙale, ta juyo tana duban yayanta ko zai ƙarasa mata. Shi ma bai iya ba. Shekara biyar yana sauraren sautin yana neman aibinsa, bai taɓa zama ya haddace kalmomin ba.

Har yau Haggai na aikinsa a coci. Sai dai duk wanda ya kawo masa kwamfuta a sa masa manhajar gyaran sauti, tambayar farko da yake yi ita ce daga ina aka samo ta.

Jama'a, manhajar da aka fasa ake rabawa kyauta a shafin da ba ku sani ba, tana iya zuwa da cutar da za ta share abin da ba ya maimaituwa. Kada ku kashe gargaɗin kwamfutarku, kuma duk abin da kuke ji da shi, ku adana shi a wuri biyu tun kafin ku taɓa shi da sunan gyara.