Kwikwiyon da Aka Hana Kifi

Tun ranar da Shu'ibu ya bi ayarin fatake zuwa Kukawa, Mairam ba ta da abin da za ta kalla ta ga mijinta sai ɗan kwikwiyon da ya bar mata. Shu'ibu maharbi ne. Karyarsa ta farauta kada ya ja ta a bakin kogi, ta bar ɗa guda ko yaye bai kai ba. Maharbi ba kare kuwa ba ya shiga fadama, shi ya sa ya karɓi aikin rakiyar fatake. Da zai fita ya ce mata ta riƙe masa wannan ɗan. In ya dawo ya tarar da shi ya girma, shi da hanya sun rabu ke nan.

Gidan na wansa ne, Garba, masunci a wani ƙauye gefen Kirikasamma. Gida ne na kifi, kullum ana bandar tarwaɗa da karfasa har hayaƙi ya rina danga. Sai dai akwai dokar da suka tarar tun kakanni: kare ba ya ɗanɗana kifi, ko kai ne, ko hanji. In ya san daɗinsa, in ji su, ya zama ɓarawon banda har ya mutu. Saboda haka aka ɗaure kwikwiyon a gindin tsamiya, abincinsa ruwan dusa da ƙanzo.

Da farko yana lasa yana kaɗa jela. Sannu a hankali gashin kunnuwansa ya fara zuba, sai wuya, sai gadon baya. Kirci ya kama shi, fata tana tsagewa, ƙudaje suna bin sa. Mairam ta jiƙa sassaƙen maɗaci ta wanke shi, ta shafa masa man kaɗe. Gyambo ɗaya na bushewa, wani na ɓullowa.

Ita a ruga ta tashi. Ta sha ganin ɗan maraƙin da uwarsa ta mutu yana zubar da gashi haka, kuma ta san ba shafe-shafe ke tashinsa ba, sai abin da ya shiga ciki. Nono kuwa ya yi wuya, don makiyaya sun kwashe shanu sun hau tudu gudun ambaliya. Ta je ta durƙusa gaban Garba yana gyaran kifi, ta roƙe shi hanjin da zai zubar.

Garba ya yi dariya ya ce, "Yau kifi, gobe ki ce a ɗinka masa taguwa. Matar ƙanena, ɓarawo kike so ki reno mana?"

"Yaya, ko tsayuwa ba ya iyawa, ina zai kai ga banda?"

Ya ce ai haka suke farawa. Ya ɗauki ƙwaryar hanjin ya watsa a ruwa tana kallo. Iya, surukarta, ta ƙara mata da cewa wadda aka kawo ba ta sake dokar gida.

Mairam ba ta yi kuka a gabansu ba. Kullum da la'asar sai ta raba tuwonta ta dama wa kwikwiyon, ta zauna kusa da shi tana kallon hanyar gabas. Duk jakunan da suka ɓullo sai ta miƙe ta leƙa. Takan aika a tambayi fatake ko sun ga wani dogon maharbi mai tabo a goshi. Wasu su ce a Kukawa, wasu su ce ya wuce gaba. Sai ta dawo ta gaya wa kwikwiyon, kamar yana ji, ta ce ya daure, mai shi yana hanya.

Da ruwa ya cika fadama, masunta suka hau gora suna yawo a kan ruwa suna kamu, kifi ya yi yawa har ana binne kawuna saboda wari. A lokacin ne sanyin damina ya shigi kwikwiyon. Tarin da ƙosasshen kare zai kakkaɓe, shi ya kwantar da shi. Idanunsa suka liƙe da kwantsa.

Wata safiya Mairam ta miƙe, ta sa hannu cikin kwando a gaban kowa ta zaro tarwaɗa. Garba ya daka mata tsawa. Ba ta ko sunkuyar da kai ba.

"Daga rabona ne, Yaya. Ni na yafe ci."

Ta dafa, ta cire ƙaya, ta murtsuke naman cikin romo, ta kai masa. Ya shinshina, ya lasa sau ɗaya, ya kasa haɗiyewa. Kafin azahar ya mutu, kansa a kan ƙafarta.

Shu'ibu ya dawo bayan an girbe dawa. Da ya tambayi abin da ya kashe kwikwiyon, Garba ya ce kirci ne, ƙaddara ce. Daga bakin ɗaki Mairam ta ce, "Yunwa ce ta kashe shi, a gidan da ake zubar da kifi a kogi."

Shu'ibu ya bi ƙauyukan bakin kogi neman kare irin nasa, bai samu ba. Da ayari ya sake tashi, ya rataya kwari da baka ya bi su. Mairam ta tsaya a bakin danga har ƙurarsu ta lafa, sannan ta koma jira.

Ya ku masu karatu, ƙaramar dabba mai ciwon fata abinci mai gina jiki take fara buƙata, tun tana iya ci. Duk abin da muka ɗaure amana ne a wuyanmu, kuma al'adar da ta ce a hana shi abin da za a zubar jahilci ce, komai daɗewarta.