Burodin Jibin Ubangiji

Shekarar da soja suka miƙa mulki muna haya a unguwar Gyadi-Gyadi, Baba kuma dattijo ne a cocinmu. Shi ke yanka burodin Jibin Ubangiji, wanda ake raba wa masu ibada a coci ranar Lahadi, a gida ranar Asabar da la'asar, ya zuba a tire, ya rufe da farin ƙyalle.

Ran nan maƙwabci ya yi sallama, Baba ya fita. Na ɗaga ƙyallen, na damƙi burodin na cusa a baki. Har yau ina tuna yadda ya tsaya mini a maƙogwaro.

Da ya dawo ya dubi tiren, ya dube ni. Na fashe da kuka, na ce ba zan ƙara shiga coci ba, Allah ya riga ya tsine mini.

Maimakon bulala sai ya miƙo mini wuƙa da sabon burodi.

Ya ce, "Ka yi laifi, ka roƙi gafara. Amma burodin nan don masu zunubi ake yanka shi. Zauna ka yanka."

Da na girma na aikata abin da ya fi wannan muni. Kunya takan ce in zauna gida ranar Lahadi. Ba na zama. Tafiya nake, in miƙa hannu in karɓi burodin.