Jimlar da Nobesuthu Ta Gane

Nobesuthu ta durƙusa gaban 'yarta, wadda wata tsohuwa, Tannie Magriet, ta riƙe shekara bakwai ɗin da uwar ta yi a kurkuku. Wata huɗu tana koyon harshen Afirkans a ɓoye, don shi kaɗai yarinyar ke ji. Yanzu komai ya gudu. Aikatau a tsakiyar jimla yake zama ko a ƙarshe?

Yarinyar ta ɓuya bayan tsohuwar, ta ce, "Sy is nie my ma nie."

Tannie ta yi wuf da gurguwar Xhosarta, harshen Nobesuthu: "Ayya, 'yar nan, cewa ta yi ta yi kewarki."

Nobesuthu ta yi murmushi, ta gode. Maganar yarinyar ce jimlar Afirkans ta farko da ta taɓa ganewa tas: wannan ba uwata ba ce.