Sai Litinin

Karo na huɗu ke nan Jakoba tana kiran Oom Sakkie, wato Kawu Sakkie, tsohon matuƙin da ke kai mutane kallon kwazazzabon Kogin Fish na ƙasar Namibiya a ɗan jirginsa mai kujera huɗu. Karo na huɗu kuma ya ba ta amsa iri ɗaya.

"Sai Litinin, 'yata."

Ranar Talata ya ce iska ta yi yawa. Laraba ya ce taya ce ta sace. Alhamis wai Jamusawa sun kama kujerun duka, amma da ta je filin jirgin Keetmanshoop da ƙafarta, sai ta tarar da jirgin a ajiye cikin rumfa, ba mutum ko ɗaya. Ba abin da ta gani sai katifa a ƙarƙashin fiffike, da butar shayi, da riguna uku masu kyakkyawar guga a rataye. Ta yi tsaki. Mutum da jirgi sukutum, amma ya rasa ɗakin kwana! Yau Juma'a kuwa ko wahalar ƙirƙiro dalili bai yi ba.

Litinin ba ta da amfani a wajen Jakoba. Ranar Lahadi za a yi bikin buɗe dutsen tunawa da aka kafa a kabarin mahaifinta, Litinin da asuba kuma za ta hau mota ta koma asibitin Walvis Bay, inda take aikin jinya.

Shekara talatin mahaifin nata ya yi yana gyaran shingen gonakin tumaki a bakin kwazazzabon. Duk sanda jirgi ya gifta sai ya cire hula ya bi shi da kallo, ya dawo gida ya ce wa matarsa Magrieta wata rana su ma za su leƙa ramin nan daga sama. Har ya rasu bai taɓa taka jirgi ba. A gadon asibiti Jakoba ta yi masa alkawari ita za ta kai Mama. Shekara huɗu aiki yana cinye ta, sau biyu kacal ta zo gida. Yanzu ta rantse ba za ta tsaya gaban dutsen nan alkawarin yana wuyanta ba.

Abin haushin, ita Maman ma ba ta taimaka. Yau gwiwa, gobe baƙi, jibi waye zai tsaya kan naman tumaki biyun da aka yanka don bikin.

"Ki bari a gama hidimar Lahadi, Jakoba. Akwai ma maganar da nake so mu..."

"Babu wata magana, Mama. Baba ya jira shekara talatin, ya isa haka."

Kowa a dangi ya san ba a ƙarasa zance da Jakoba in dai ya taɓa mahaifinta. Gwaggonta da ta taɓa cewa lokaci ya yi da Magrieta za ta ajiye baƙaƙen kayan makoki, shekara guda Jakoba ba ta gaishe ta ba.

Tsufa ma ya fara taɓa Mama, a ganin Jakoba. Da safe sai ta jera kofi uku alhali su biyu ne a gidan. Ta cika wa kofinta sukari, ta ce ai ba a tashi da tsakar rana, jirgin jijjiga yake kamar keken jaki. Jakoba ta ce a ranta, talabijin dai ta mayar da kowa masani. Ga matan coci da ba su da aiki: da Jakoba ta ajiye waya da matuƙin, sai wayar Mama ta yi ƙara, ta lallaɓa bayan gida wajen kaji tana magana ƙasa-ƙasa.

Asabar da sassafe haƙurin Jakoba ya ƙare. Ta ari a-kori-kurar maƙwabci, ta ce wa Mama ta zo ta raka ta ɗauko furanni. Sai da suka bar kwalta suka kama hanyar filin jirgi Magrieta ta gane, ta dafe ƙirji.

"Jakoba, don Allah mu juya."

Jakoba ta ƙara taka mai.

Suna tsayawa wani tsohon kare ya fito daga rumfar a guje. Ya wuce Jakoba kamar ba mutum ba, ya dafe Mama da ƙafafu yana kaɗa jela. Sannan Oom Sakkie ya fito yana goge hannu da tsumma, idanunsa jajur kamar wanda ya yi kwanaki bai yi barcin kirki ba.

Jakoba ba ta ko gaishe shi ba.

"Oom, ina iskar take? Ga taya nan lafiyarta ƙalau. Jamusawan naka a aljihu ka zuba su? In don kun ga mu ba Turawa ba ne, ka faɗa mini a fuskata! Uwata ba ta taɓa shiga jirgi ba, ubana ya mutu da burin nan, gobe zan tsaya a kabarinsa. Me kake so in ce masa? Sai Litinin?"

Muryarta ta karye a nan, abin da ya ƙara mata haushi. Ta juya ta share ido da bayan hannu.

Tsohon ko kallonta bai yi ba. Magrieta yake kallo, ita kuma ta sunkuyar da kai tana shafa kunnen kare. Sannan ya jefar da tsumman ya yi ajiyar zuciya, ya kira Magrieta da gajeren sunanta.

"Griet, ni dai ƙarya ta ƙare mini. Ki gaya wa yarinyar nan wata takwas ke nan da aurenmu, mu tashi kafin rana ta yi zafi."