Tabon Kumatun Mama Salomi

Mama Salomi ba ta bi layi ba, ba ta kuma yanki kati ba. Ta wuce Kaltum mai jinya, ta tura ƙofar Likita Dzarma, ta zauna, ta ɗora jakarta a kan teburinsa.

"Likita, a cire min wannan kafin Kirsimeti," ta ce, tana nuna baƙin tabon da ya shimfiɗu a kumatunta biyu.

Ɗanta zai yi aure a wani coci a Gomari, kuma ta rantse ba za ta shiga hoto da fuska kala biyu kusa da uwar amarya ba.

Dzarma ya yi mata bayani dalla-dalla. Hanya biyu ce. Akwai ruwan magani mai ɗan raɗaɗi da ake shafawa, fatar sama ta saɓule, sabuwa ta fito. Wannan shi da kansa zai yi mata a nan Bolori. Akwai kuma sabuwar na'ura mai suna leza, mai ƙone tabo da haske, amma sai an je Alƙahira.

Tana jin Alƙahira ta gyara ɗaurin kallabi. Leza take so. Ko matar fasto ba ta taɓa hawa jirgi ba.

Ya ce leza kan ƙara wa baƙar fata duhu. Ta ce rowa ce kawai. Ya ce ruwan maganin ya fi aminci, muddin za ta guji rana. Ta tambaye shi inda ake ɓuya wa rana a Maiduguri. Daga nan ta ɗauki jaka, wai za ta kasuwa ta sayo man bilicin ta huta.

Dzarma ya sha ganin fuskokin da wannan man ya lalata. Ya lallaɓa ta ta koma ta zauna.

"Mama, sai na san asalin tabon kafin in taɓa shi. Ƙuna ce?"

"Wani mutum ne ya ja min. Har yau ko sannu bai ce min ba."

Ran Dzarma ya ɓaci. Ya ajiye biro, ya ce lallai sai ta faɗa masa ko wane ne.

Ta miƙa hannu ta gyara masa wuyar riga.

"Da fuskata sumul na shiga gidan babanka, ango. Cikinka na ɗauka, tabon ya fito."